Takalman Malam da Na Ɓoye

Har yau ban samu mai amsa mini ba: wanda ya ba da notis ɗin barin aiki na wata guda, ciwo ya zaunar da shi, ana biyansa albashin watan? A lokacin dai na rantse ana biya.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ya shekara goma sha tara yana gadin wata makarantar kuɗi. Da ƙafafunsa suka kumbura ya kai takardar ajiye aiki, ya ce zai lallaɓa ya cika watan. Sai na ɓoye takalmansa. Na ce, "Zauna, dole su biya. Doka ce." Ni da ko sunana ban iya rubutawa!

Ƙarshen wata na ɗaura zanen biki, na shaida wa matan unguwarmu Barunde zan karɓo kuɗin asibiti. Akawun makarantar ya duba rajista ya ce, "Mama, ko kwana ɗaya bai zo ba. Wa ya hana shi?" Da ƙafa na dawo, ina kuka.

Tun ranar unguwa ke kirana Lauya. Malam bai taɓa yi mini faɗa ba. Ranar da zai cika ya kama hannuna ya ce, "Lauya, wannan karon kar ki ɓoye mini takalma."