Furen da Na Dasa a Ƙofar Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, kuma ba don daɗin haihuwa kaɗai ba. Ranar ce na tafka abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Birnin Kudu (ku riƙe wannan, shi ya ƙara wa abin muni). Matata 'yar Zandam ce, can ƙasar Gwaram, gidan noma da kiwo. Mahaifinta, wanda muke kira Baffa, ba shi da yawan magana, kuma tun da na auri 'yarsa nake zargin kallon ɗan boko yake mini, wanda ya san gona a kan allo kawai. Bai taɓa faɗa ba. Ni ne dai na sa wa raina sai na nuna masa na san ƙasa.

Bayan matata ta tafi gida haihuwa, wani taro ya kai ni Kano, na biya wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Mai wurin ya nuna mini wasu a tukwane, gindinsu ya kumbura kamar tulu, furensu ja da ruwan hoda, ninki-ninki. Ya ce sabon iri ne, rani ba ya kashe shi, ko an yi wata ba a ba shi ruwa ba sai ya yi fure, shekara da shekaru. Ya faɗi sunansa da Turanci, na rubuta a takarda. Ban tambayi sunansa da Hausa ba, don a wautata abu mai kyau haka ba zai san hanyar ƙauye ba. Na sayi shida.

Ana jajibirin suna na sauka Zandam da la'asar. Ko ruwa ban gama sha ba na ari fartanya, na jera su reras a ƙofar gida, dab da turken da aka ɗaure ragon suna. Baffa ya fito, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Sannu da aiki, Malam," ya ce.

Sai ya kwance ragon ya ja shi cikin gida. Ni kuwa har wani daɗi na ji, wai ya ba furannina fili ne.

Washegari da safe aka raɗa suna, aka shafa addu'a, ana rabon goro. Wani dattijo ya nuna furannin da baki ya ce, "Wannan fa?" Abin da nake jira ke nan. Na miƙe, na gyara babbar riga, na buɗe aji. Na yi bayanin jure fari, na yi na saiwa, har na zaro takardata na karanto sunan Turancin sau biyu. Wasu suka sunkuyar da kai. (Na ɗauka ilimi ne ya ratsa su.)

Ana haka sai ga Inna, kakar matata, ta dogaro sandarta ta leƙo daga zaure. Tsakanina da ita akwai wasan jika, ba ta raga mini ko a gaban wa.

"Wane ne ya dasa mana kariya a ƙofar gida?"

Kowa ya juyo ya dube ni.

"Au, angon nawa, kai ne? Kariya ce fa! Ga ta can fal a dutsen bayan gari. Ruwan jikinta dafi ne, ko akuya ta san ta. Shekara nawa Baffanku ya yi yana tumɓuke ta a hanyar maruƙa, kai kuma ka sako ta a mota tun daga Kano ka kawo mana har turke?"

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Inna, ai wannan ingantacciya ce, an yi mata aure da wani iri."

"To, auren ya raba ta da halin gidansu?"

Dariyar da mutane suka yi ta dannewa tun ɗazu ta ɓalle gaba ɗaya. Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Gumi ya jiƙa mini hula, takardar tana hannuna na rasa inda zan sa ta.

Baffa kaɗai bai yi dariya ba. A nan na gane tun jiya ya san ko mece ce, kunyar suruki ce ta hana shi faɗa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce a hankali, "Ku bar Malam. Alheri ya nufa, bai sani ba ne."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kare ni ya yi, amma a gaban gari guda ya tabbatar da abin da nake gudu.

Kafin a sauke tuwon suna na naɗe hannun riga, na sa leda a hannu, na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, 'yan suna na wucewa suna mini sannu da aiki. Tun daga ranar, duk wani sabon iri da zan kai ƙauye, ko wa ya yabe shi a birni, sai na fara nuna wa wata tsohuwa tukuna, ni da ita kawai, ba a gaban jama'a ba.