Uraniyom na Talakawa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sufeto ya zo duba aikina a kwalejin Gure. Shekarun tis'in ne, ina sabon malamin jogarafi, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a ce in jira baɗi. Na goge riga, na ɗaura karabat ɗin aro a wuya, wato laktaye (ni da zafin Gure, kowa ya san wanda ya ci).

Darasin ma'adinan Nijar nake yi, yana tafiya sumul, har sufeton yana gyaɗa kai a bayan aji. Sai wata ɗaliba, Falmata, ta ɗaga hannu, ta kira ni da Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami.

"Mushe, na ji a rediyo wai Turawa suna sauya injinan bincikensu na nukiliya, su koma aiki da uranium faiblement enrichi. Mene ne shi?"

Wallahi ban sani ba. Amma a gaban sufeto? Ina! Na gyara karabat na ce, "Ai mai sauƙi ne. Enrichi daga riche yake, wato mai arziki. Akwai uraniyom na masu kuɗi, akwai mai ƙaramin arziki, na talakawa, irin namu da ake haƙowa a Arlit. Yanzu namu za su koma saye. Yara, mun warke!"

Aji ya kaure da tafi. Ni kuwa daɗi ya kwashe ni, har na hau allo na rubuta musu su kwafa.

Da na juyo, sufeto ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ashe bawan Allah kimiyya ya karanta. Ya share hawaye ya ce, "Mushe, ba arziki ba ne, tacewa ce. Wanda aka tace sosai ana iya yin bom da shi, shi ya sa suke komawa wanda ba a tace da yawa ba. Namu kuwa ɗanye yake barin ƙasar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani ɗalibi daga bayan aji ya ce, "Mushe, mu goge?"

Sai baɗi aka tabbatar da ni. Tun daga ranar, in ɗalibi ya yi tambayar da ta fi ƙarfina, cewa nake, "Madalla! Wannan shi ne aikin gidanku na gobe."