Tsohuwar Da Ke Cikin Albam Ɗinmu

Ko na manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fara sa albam ɗinmu a gaban jama'a ba.

Mu huɗu ne a ƙungiyar, duk 'yan Tamaske: masu jita biyu, mai gurmi, sai ni mai buga ƙwarya. (A hoton albam ɗin ma rabin fuskata kaɗai ya fito.) Illa, shugabanmu kuma ɗaya daga cikin masu jitar, shi ke rera waƙa. Ni kuwa ya hana ni buɗe baki, wai muryata kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Babu kamfanin da ya san da zamanmu, don haka da aka gama girbi muka kai kanmu wani ɗan sutudiyo a Madawa.

Ranar da muka gama aiki, sauran suka fita shan shayi, suka bar ni ni kaɗai a ɗakin ɗaukar murya. Sai waƙar niƙa da kakata ke yi ta faɗo mini a rai. Na leƙa, ba kowa. Na maƙe murya irin ta tsohuwa, na rera ta ina buga ƙwarya, har da rangaɗa guɗa a ƙarshe. Ashe mai sutudiyon bai kashe mikro, wato abin ɗaukar murya, ba. Illa ya ji, ya ɗora jita a kai, ya maƙala ta a ƙarshen albam, bai gaya wa kowa ba. Shi ya koma ya karɓo aikin, ya ce ba mai saurare sai ranar bikin wan Rakiya.

Rakiya ita ce wadda nake nema. Babanta, Alhaji Amadu, tun bara yake ja mini rai, don ba ya son ba makaɗi ɗiyarsa.

Ranar biki bayan la'asar aka kafa lasifika a ƙofar gida. Na ci babbar riga (ta aro), na je na durƙusa gaban Alhaji cikin dattawa, ina gaisuwa da murya mai kauri don a san ni ma magidanci ne. Ina cikin "Baba, ina gajiyar taro?" sai na ji ƙwaryata a lasifika. Sai ga muryar tsohuwa.

Mata suka bar tukwane suka fito. Wata ta ce, "Wagga tsohuwa ta iya! Daga ina kuka samo ta?"

Illa, Allah ya shirye shi, ya ɗauki mikro: "Jama'a, ba nesa take ba. Ga ta can durƙushe gaban Alhaji, da babbar riga!"

Daidai nan guɗar tawa ta tashi. Wuri ya kece da dariya. Wani dattijo sai da hularsa ta faɗi. Na hango Rakiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na sunkuyar da kai ƙasa.

Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai ka rera wagga waƙa?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya koya maka?"

"Kakata, Baba. 'Yar Tabotaki ce."

Ya shiga jan carbi, har na fara yi wa Rakiya ban kwana a zuci. Can ya ce, "Innata ita take yi in tana niƙa. Tun rasuwarta ban ƙara jin ta ba." Ya ɗaga hannu: "Kai Illa, maido ta daga fari!"

Aka maido ta, aka sake maido ta, tsofaffin mata na amshi. Kafin damina ta faɗi, gidajen rediyo daga Keta har Buza sun ɗauka, 'yan ci-rani na tura wa juna a waya. Waƙoƙin da Illa ya sha wahala a kansu ba mai tambayarsu. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura aurena da Rakiya. Har yau 'yan kabu-kabu in sun gan ni sai su yi oda: "Kaka, ina za a kai ki?" Ni kuwa in ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Abin da na koya: duk inda ka ga mikro, ɗauka kunnensa a buɗe yake. In kuma ya zama dole ka yi abin kunya, to daure ka yi shi da kyau, don ba ka san ko surukinka zai ji ba.