Na Mayar da Tawadar Firinta, An Ba Ni Farar Takarda

Jama'a, ku taya ni murna! Yau na fito daga ofishin manya ina ƙyalƙyala dariya, har mai gadi ya biyo ni yana tambaya ko lafiya.

Kun dai san ni da ɗan shagona na buga takardu: firinta ɗaya, kujeru biyu, ɗayar ma sai an jingina ta da bango. Watan jiya masu girma suka shanya mu a rana, wai za su tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Aka yi jawabi na awa uku, aka ɗauki hoto, aka ba kowa tawadar firinta a kwali mai ƙyalli, da garantin kwana talatin. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi.

Jiya tsohuwar tawadata ta ƙare, na saka tasu. Sai ga malamar makarantar bayan layinmu da tambayoyin jarrabawa na yara sittin. Shekara bakwai take kawo mini aiki. Na danna, firinta ta yi tari, ta yi nishi, ta turo takarda fara fat. Na ciro tawadar na girgiza, na hura mata iska, har lallashinta na yi. Fara!

Malama ta ce, “Malam, jarrabawa jibi ce. In ban samu gobe da yamma ba, zan kai wa mai firintar bakin kasuwa, kuma ka san in na tafi na tafi.”

Kafin la'asar labari ya kai wa ɗalibanta. Yaran da ba su taɓa gaishe ni ba suka riƙa zuwa suna durƙusawa: “Baba, sannu da aiki, Allah ya ƙara wa firintarka hutu.”

Garanti kuma yau yake ƙarewa. Na yi awa biyu a layin man fetur, na hau babur sai ofis. Na tarar da jami'in ƙorafi yana fifita da fayil.

“Ranka ya daɗe, tawadarku ba ta rubutu.”

“Malam, ƙa'ida ita ce ka buga takardar ƙorafi da ita tawadar, mu ga laifinta da idonmu.”

Kai, akwai masu ilimi a duniya! Na koma shago na buga, na kawo masa. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta a hasken taga.

“Ina ƙorafin?”

“Ga shi nan a hannunka, yallaɓai.”

“Ba na karɓar abin da ban karanta ba.”

Na haɗiye girmana na tafi wurin na bakin kasuwar nan. Ya buga mini yana murmushin mugunta. Na dawo, jami'i ya duba ya ce, “To ai ga rubutu nan raɗau! Tawadarka lafiyarta ƙalau.”

Saura minti ashirin a tashi. Don takaici na ɗauki fil ɗin da ke kan teburinsa na maƙale takardun biyu, fara a sama, mai rubutu a ƙasa. Sai fuskarsa ta washe.

“Yawwa! Ga hujja, ga bayaninta. Me ya sa ba ka yi haka tun farko ba?”

Ya danna tasa firintar don ya fitar mini da takardar amincewa. Ta yi tari, ta yi nishi. Wallahi na gane muryar! Takarda ta fito fara fat. Ko gezau bai yi ba, ya buga mata hatimi, ya sa hannu, ya ce in kai sito.

Na miƙa wa mai sito. Tsoho ne, ya gyara tabarau ya dube ta da kyau.

“Wannan ta gaske ce, ɗana. Da na ga rubutu a jiki, da na san jabu ka kawo.”

Ya shiga can ƙurya ya ɗauko mini wata mai ƙura, ya ce irin ta da ce, tun kafin a fara tallafi. Na saka ta a shago, rubutu ya fito baƙi ƙirin. Malama ta kwashi takardunta tana sa mini albarka. Yaran kuwa, ɗazu na wuce su a bakin layi, ko kallo ban ishe su ba.

Ni dai na daina zargin masu girma da saɓa alkawari. Bayin Allah suna rubutawa, har hatimi suna bugawa. Yau na ga tawadar da suke amfani da ita.