Allurar Kwana Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata Ummi ba, ko na so mantawa ma akwai mata uku a Dubai da ba za su bari ba. Ta farko Rabi, 'yata, maijego, wadda na baro gida na zo yi wa wanka a ɗan falat ɗinsu na Satwa. Ta biyu Hajiya Zainabu 'yar Maraɗi, mai shagon jakunkuna a Naif, macen da ba ta shiga gidan mutum ta fita ba ta ƙirga masa kujeru ba. Ta uku Ayishetu 'yar Zangon Kumasi, mai aiki a otal, ita ta dafa mana shinkafar sunan. Maza duk sun tafi mayanka wajen rago. Sai jaririyar, tana kan cinyata. Sai kuma mutum guda da ya halarci wurin ba tare da ya tako ƙafarsa ba, shi ne ɗana na fari, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko a nan.

Mu a garinmu haka muka taso. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a ƙura masa ido. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ni kuma na riƙe kunyata yadda ya kamata, har ana kwatance da ni a unguwa. Ranar da zai tafi Turai, shekara shida ke nan, an kai ni filin jirgi a Kano. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce Allah ya tsare, idona a ƙasa. Abin da na dawo da shi gida a idona takalminsa ne, ruwan ƙasa, igiyar na hagu ta kwance. Shekara shida in na rufe ido ina neman fuskar yaron nan, takalmi nake gani.

Duk Juma'a yana kira. Ni ma karatuna bai canzawa: lafiya, ana salla, to madalla, ga Baffanka. Sai in miƙa wa ƙanen ubansa wayar in koma bayan ƙofa ina tsintar wake, ina sauraron muryarsa yana hira da wasu. (Waken nan ya sha tsinta, wani lokaci babu ko tsakuwa ɗaya a ciki.) Ya sha roƙo a kunna mai hoto, na ce ni ba na son wannan kallon-kallo na 'yan zamani.

Na san likitancin dabbobi ya karanta, wannan ban jahilce shi ba. To amma wata Juma'a bakina ya suɓuce na ce, "Aikin fa?" Sai na ji ya gyara murya kamar mai shirin dogon bayani.

"Yanzu ƙanana nake dubawa, Inna. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a hanjinsu tana fitar da guba. In an yaye su sai ta tashi, fatar ido ta kumbura, su yi ta tangaɗi, kafin a farga an rasa su. Shi ya sa muke yi musu allurar rigakafi tun suna kwana huɗu. Amma Inna, akwai abin da nake so ki..."

"To madalla," na ce. "Ga Baffanka."

Ni ban yi boko ba. Na ɗauka abin hawa-hawa ne: a fara ka da kaji, a kai ka awaki, a kai ka shanu, in Turawa suka ga hannunka da kyau su ba ka 'ya'yansu. Kwana huɗu, yaye, fatar ido, wa ake faɗa wa haka in ba ɗan mutum ba? A daren nan ban gaya wa kowa ba, amma kafin wata ya mutu har mai kayan miyan layinmu ya san ɗana ya zama likitan jarirai a ƙasar da ba na iya faɗin sunanta.

Da na zo Dubai na taho da labarina. Rabi ta gwada, in ba ta haƙƙinta. Ta ce, "Inna, ki daina cewa jarirai, aikin Yaya fa ba haka..." Na ce ta rufe min baki, tun tana ƙarama take baƙin ciki da shi. Ba ta ƙara ba. Ni mace ce da in na kalli mutum sau ɗaya yakan tuna yana da aiki a kicin.

To, ranar suna bayan la'asar muna zaune a falo, na'urar sanyi tana ta gurnani. Hajiya Zainabu ta gama ba mu labarin kwantenarta da ta isa Kwatano, ta juyo kaina.

"Hajiya, shi lokotoron namu bai samu zuwa ba? Sunan 'yar ƙanwarsa guda?"

"Asibiti ba su sake shi ba," na ce. "Satin allura ne, jarirai sun yi yawa."

Ina faɗin haka na duba fuskar Ummi. Fatar idonta ta ɗan tasa, dukansu biyu. Ni ba a ɓoye min abu a jikin jariri, na yi wa mata wanka sun fi a ƙirga. Na ce, "Rabi, an yi wa yarinyar nan allurar kwana huɗu?"

"Inna, duk wadda ake yi an yi mata a asibiti, ga katin can."

"Ta guba fa? Gubar hanji, mai kumbura ido?"

Rabi ta ajiye cokali. "Barci ta sha, Inna. Don Allah ki bar maganar nan."

Da na bari da yanzu ina da sauran girma a Satwa. Amma tsoro ya kama ni da gaske, kuma (tunda ina faɗin gaskiya) ga Hajiya Zainabu ta baza kunne, ga dama ta samu in nuna mata abin da ya fi kwantena. Na wanke asibitocin Dubai tas. Na ce gini ne kawai da gilashi, allurar da ɗana ke yi wa 'yan kwana huɗu ma ba su san da ita ba. Hajiya Zainabu ta dafe ƙirji ta ce nata jikokin ma ba ta jin an yi musu. Ayishetu ta ce ita a Kumasi ba ta taɓa jin ta ba.

"A kira min shi," na ce.

"Inna, yana wurin aiki yanzu."

"Can nake son sa."

Rabi ta ƙi taɓa wayar. Na fizge ta na miƙa wa Ayishetu, ita kuwa baiwar Allah ba ta san dokata ba, ta danna mai hoto ta jingina wayar a jikin fulas ɗin shayi, a tsakiyarmu, yadda kowa zai gani. Ko ƙara biyu ba ta yi ba aka ɗauka.

Sauti ne ya riga hoto isowa. Wani irin tsuwwa, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar ana jan ƙofofin ƙarfe ɗari lokaci guda. Na gyara zama na ce, "Kun ji ko? Yana ɗakin jarirai."

"Ikon Allah," in ji Hajiya Zainabu. "Haka 'ya'yan Nasara ke kuka?"

Sai muryarsa, a firgice. "Inna? Inna, lafiya? Wa ya rasu?"

Wannan tambayar ta shige ni, don na san dalilinta: tunda aka haife shi ban taɓa kiransa da kaina ba. Amma na riga na ɗauko jawabi, idona na kan jaririya kamar kullum, sai na ci gaba. "Ba wanda ya rasu. Ka gaya wa ƙanwarka sunan allurar nan ta kwana huɗu. Ga 'yarta kwana bakwai ba a yi mata ba, ido ya fara kumbura."

Tsuwwar nan ta ci gaba. Na ji Ayishetu ta ja numfashi. A hankali ta ce, "Mama, jaririn yana da manyan kunnuwa paa."

Na ɗaga kai.

Yana tsaye cikin wata shuɗiyar riga mai haɗe da wando, da safar roba a hannu. A hammatarsa ga wani ɗan abu ja-ja-ja, ba gashin kirki, yana harba ƙafafu, hancinsa kamar murfin kwalba. A bayansa, cikin keji na ƙarfe, uwar tana kwance ta cika wurin, 'ya'ya sun yi mata layi a ciki sun fi goma.

"Hajiya," in ji Zainabu, da muryar mai yi wa mutum ta'aziyya, "wannan ai gursunu ne."

"Inna," ya ce, "allurar ta waɗannan ce. Ba a yi wa mutane. Ummi lafiyarta ƙalau in Allah ya yarda, ki bar ta."

Alade. 'Ya'yan aladu. Ni da nake hana jikokina ko faɗin sunan a bakin abinci, ni ce na tsaya a gaban baƙi ina faɗa don an ƙi yi wa jikata allurarsu.

Abin da ban gaya wa matan nan ba sai yau: su alade suka gani, ni shi na gani. Ya yi gemu. Akwai furfura a gefen kansa, yaron da na bari ba ko ɗaya. Ya rame ta wajen wuya. Goshin ubansa ne sak, har jijiyar nan da ke tashi in marigayi ya damu. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba, ni dai na san da na farga ana kallona, sai na kai hannu na kife wayar a cikin farantin dabino.

"Bon," in ji Hajiya Zainabu, tana gyara mayafi. "Kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa. Ni dai da ɗana ne..."

"Ai ba ci yake yi ba, Mama," Ayishetu ta katse ta, ni take kallo. "Ni a otal kofin giya nawa nake wankewa? Shi ke nan, in wanke hannu in yi sallata."

Na ce, "A zuba abinci, yana hucewa." Aka zuba. Na ci loma uku don kada a ce na kasa. Da za su tafi Hajiya Zainabu ta leƙa fuskar Ummi ta ce, "Allah ya raya, ya tsare ta da gubar hanji." Na ce amin. Me zan ce?

Kafin magariba Rabi ta same ni a kicin ina wanke tukunyar da an riga an wanke. Ba ta yi dariya ba, wannan na yaba mata. Ta ce shi kaɗai ne aikin da ya samu da takardunsa, kuma sau uku yana ɗauko maganar ina miƙa wa Baffa waya. Ta ce ba aiki ne ya hana shi zuwa suna ba. Ya ce ba zai iya zama a gabana a kira shi likitan jarirai ya amsa ba, kuma ba zai iya ƙaryata ni a gaban mutane ba. Sai ta kunna min saƙon murya da ya turo.

"Rabi, ki gaya wa Inna in ta ce in bari, zan bari. In kuma ba ta son jin muryata, ba zan ƙara kira ba sai ta ba da izini."

Juma'a saura kwana biyu. Na tsaya da soso a hannu ina tunanin Juma'ar da waya ba za ta yi ƙara ba, in zauna da faifan wake ba abin saurare. Na auna wannan da dariyar Hajiya Zainabu, wadda na san kafin gobe ta zaga Naif lungu-lungu. Dariyar ba ta yi nauyin komai ba.

Abin da na koya da tsufana ke nan: in za ki yi alfahari da ɗa, ki bari ya kai ƙarshen maganarsa tukuna. Kunya na yi ta yi kada mutane su ga ina son sa, ƙarshenta mutum uku suka ga ban san shi ba.

Washegari da na gama yi wa Rabi wanka na ɗama mata kunun kanwa, na ce ta nuna min inda Ayishetu ta danna. Ta nuna. Na ce ta fita ta ja min ƙofa. Sau biyu ina danna wani abu daban, a na uku ya ɗauka. Yana cikin mota, gari bai gama waye musu ba.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya. Ana salla?"

"Ana yi, Inna."

"Kana wanke jikinka in ka fito daga wurinsu?"

"Dole ne ma. Sai an yi wanka a shiga, sai an yi wanka a fito."

"Wanda ka riƙe jiya, ka yi masa allurar ko na hana ka?"

Ya yi wata 'yar dariya da ban san yana da ita ba. "Na yi masa."

"To. Kada gubar ta kama shi a ce uwarka ce sila. Maganar bari ko rashin bari kuwa, ba a yanke irin wannan a waya. Bizata saura sati biyar. Ka nemi tikiti ka zo nan mu yi ta baki da baki."

Ya goge fuska da bayan hannu. "Zan zo, Inna. Ko ki ba Rabi wayar ta duba min tikitin..."

"Rabi tana hutawa," na ce. "Ba wanda zan miƙa wa. Ɗaga wayar sama kaɗan, rabin fuskarka kawai nake gani."