Yadda Muka Zama Injin Motar Mai Girma

Jama'a, wata ranar Talata na baro shagon mai aski da rabin kai. Dama sumul kamar ƙwai, hagu kuwa daji. Ana tsakiyar aiki kilifa ta yi ƙiiit ta mutu, fanka ta tsaya, rediyo ya haɗiye maganarsa.

Mai askin ko a jikinsa. Ya leƙa titi ya ce, "Haƙuri za ka yi, Baba. Mai Girma ne ya zo shayar da motarsa."

Ga wanda bai sani ba, wata biyu ke nan da aka kafa mana wani farin akwati a bakin layi, wai yana cika motar lantarki cikin minti biyar. An yanka ƙyalle, an yi tafi, an ce mun shiga sahun duniya. Abin da ba a faɗa ba shi ne, da akwatin da gidajenmu ɗari uku duk nonon taransifoma ɗaya muke sha, tsohuwar da ta girmi aurena. Motar lantarki kuma guda ce tak a yankin, ta Mai Girma Garkuwan Ci Gaba. Ya jona minti biyar, tsohuwa ta suma, mu kwana biyu babu wuta.

Na dafe hula na nufi ofishin wuta. Jami'in ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, rashin sani ya fi dare duhu. Ai wutarku ba ɗauke ta aka yi ba, tana cikin motar. Ka yi alfahari, wutar gidanka ce ke zaga gari." Na yi godiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Matata ce dai ba ta ga abin alfahari ba. Allurar ciwon sukarin mahaifiyarta a firij take zama, kuma sau biyu ke nan tana lalacewa. Ta ce, "Maigida, maza ashirin a layin nan, a ce kun kasa tura mota ɗaya?"

Ranar Alhamis muka tsaya gaban akwatin, ni da tela da mai walda da sauran magidanta. Motar na isowa, mai walda ya durƙusa ya ce wa direba, "Oga, kada ka wahalar da kanka da caji. Riƙe sitiyari kawai."

Muka sa kafaɗa. Kilomita huɗu har ofishin Mai Girma, da hawan tudu biyu. Mai Girma na baya, gilashi a rufe, yana waya. Da muka isa ya fito ya shafa motar ya ce wa direba, "Ka ga fasahar zamani? Ko tari ba ta yi." Mu ashirin muna tsaye muna haki, ya ɗaga mana hannu, ya ɗauka magoya baya ne.

Yanzu mun raba aiki, wasu safe wasu yamma. Sati uku wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Allurar surukata na nan da sanyinta, tumbina ma ya zube.

Sai jiya na ji a rediyo an ba Mai Girma lambar yabo, wai motarsa ta yi sati uku ba caji. Saboda haka za a sayo irinta goma sha biyu a raba wa mataimakansa.

To, duk mai neman gidan haya, akwai ɗaki a layinmu. Ba a ɗauke wuta. Sai dai mai ciwon baya kada ya zo.