Ranar da aka inganta mana Azawak

Yau da asuba na ja saniyata daga Dakoro zuwa Birnin Lalle, ƙafa da ƙafa, saboda layina ya zo. Ga wanda bai sani ba, ƙungiyarmu ta masu kiwon shanun Azawak bajimi ɗaya gare ta, tsantsar iri, ja wur, mai jure fari kamar raƙumi. Kowane mamba yana da kwanakinsa na kawo saniya barbara. Ni shekara guda ke nan ina jira, matata Hawa kuwa har ta wanke ƙwaryar nono a zuciyarta.

Na tarar da Abarci, shugaban ƙungiya, zaune ƙarƙashin aduwa ya yi tagumi. Bajimi na gefe yana tuƙa, ko kallon saniyata bai yi ba.

"Malam Kimba, koma gida," in ji shi. "Wanga sai dai amalanke."

Ashe ranar Talata masu girma, iyayen ci gaba, suka turo motoci katkat biyu da sabon furoje, wato shirin inganta iri. Tsarin kuwa mai kyau, Allah ya ƙara musu basira: duk san da ba Azawak ba a dandaƙe shi, don na kirki kaɗai ya haifa. To yaya za a gane na kirki? Da lamba a kunne. Ina lambobin? Suna Maradi cikin kwali, ana jiran babban mutum ya samu sarari ya yi bikin raba su.

"Mu ne hwarkon zuwa," in ji Abarci. "Munka wanke shi, munka sa shi gaba don su gani su yaba. Na ce ma Mushe, ma'aikacin da sunka turo, dubi tozo, dubi launi. Ya ce shi ba a aiko shi duban tozo ba, takarda ta ce kunne."

"Kai kuma kana tsaye?"

"Ni na riƙe igiya. Na ɗauka allura za a yi mai."

Na so in yi dariya, amma abin ya ci mini rai, don kiwon shekara biyar ne ya tafi cikin minti biyar. An ce dai rahoto ya yi kyau, an cika aiki ɗari bisa ɗari, har za a yi taron bita a otal.

Na juyo da saniyata. Muna isowa rijiya sai ga wani guntun sa, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa, na Jafaru, wanda bai taɓa amsa kiran hukuma ba tunda aka haife shi, shi ya sa nasa ya tsira. Kafin in ɗaga sanda ya gama abin da ya kawo shi.

Saboda haka, masu karatu, wanda ke son ganin ingantaccen irin da manya suka yi mana alkawari, ya leƙo gidana nan da wata tara.